Fenareti biyu Asamoah Gyan ya buga a daren Uruguay

Jama'ar Nima da Mamobi, salamu alaikum. Tun makon jiya wani guntun bidiyo na wasan Ghana da Uruguay a Kofin Duniya ke yawo a WhatsApp, har gardama ta kaure a teburin mai shayin layinmu. Wani ƙanena ya ajiye kofinsa, ya rantse cewa Gyan ne ya zubar mana a bugun raba gardama na 2010. Ƙanena, ba haka aka yi ba. Matso ka gani.

Bari mu bi tarihin da sauri. A nan Accra aka haifi Gyan a 1985. Daga Liberty Professionals ta Dansoman sai Udinese a Italiya, sai Rennes a Faransa, Sunderland a Ingila, sannan Al Ain a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ga shi nan a 2006, daƙiƙa 68 da take wasa da Jamhuriyar Czech: ƙwallon Ghana ta farko ke nan a Gasar Kofin Duniya.

To, yanzu a nutsu. Ranar 2 ga Yuli, 2010, a Johannesburg. Sulley Muntari ya ci daga nesa dab da hutun rabin lokaci, Diego Forlán na Uruguay ya farke da bugun tazara. Aka shiga ƙarin lokaci ana ɗaya da ɗaya.

Minti na 120. Ku dubi kan layin raga. Stephen Appiah ya buga, Luis Suárez na Uruguay ya tare da ƙafa. Dominic Adiyiah ya sa kai, Suárez ya kaɗe ta da hannu. A doka, muddin ƙwallo ba ta tsallake layi ba, alƙalin wasa ba shi da ikon cewa ta shiga. Abin da ke hannunsa jan kati ne da fenareti, kuma ya bayar.

Wannan ita ce ta farko, kuma a cikin wasa take. Gyan ya buga, ta daki ƙarfen sama ta yi waje. Har gobe in na zo nan sai ƙirjina ya buga.

Bidiyon da ake turawa a nan yake yankewa. Mu ci gaba.

Bayan 'yan mintoci aka zo bugun raba gardama. Forlán ya fara, ya ci. Wa ya ɗauki ƙwallo a ɓangarenmu? Mutumin da ya ɓarar yanzu-yanzu, idon Afirka duka a kansa. Ku kalli tafiyarsa daga tsakiyar fili. Bai nemi ƙasa ba, sama ya sake ɗagawa, ta shige ƙuryar raga. Appiah ma ya ci. Na John Mensah da na Adiyiah ne mai tsaron gida Fernando Muslera ya tare, aka tashi 4 da 2.

Ni dai a ganina, cikin ƙwallaye 51 da ya ci wa Black Stars a wasanni 109, babu wadda ta kai wannan bugun nuna zuciya, alhali ba a ma lissafa shi cikinsu. Kuma kar a manta, ƙwallonsa a ragar Amurka ce ta kai mu wannan daren.

A 2014 ya ci Jamus, ya ci Fotugal, jimilla shida a Kofin Duniya, ya wuce biyar ɗin Roger Milla na Kamaru. A watan Yunin 2023 ya rataye takalmansa.

Ƙanena, ga bugun na biyu kuma, an rage masa gudu. Dubi inda ya ajiye ta.