Fili a Cikin Katanga: Lacca kan Makarantun 'Yan Mata da Ƙwallon Kwando

An gabatar da wannan lacca a Jos, a taron tsofaffin ɗalibai na wata makarantar 'yan mata. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa a wurin.

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da yamma. Ranki ya daɗe shugabar makaranta, iyayenmu da ke kan babban tebur, malamai, tsofaffin ɗalibai, da ku 'ya'yana da kuka cika bayan zaure. Na baya kuna ji na? To madalla. Wadda ke kusa da taga ta taimaka ta tura ta, sanyin Jos ba ya jiran gayyata. (dariya)

An ce in yi magana kan tarihin karatun 'ya mace da wasan ƙwallon kwando na mata. Abubuwa huɗu na tsara: tushen karatun mata a ƙasar nan, yadda wasan ya shiga makarantun mata, rawar da ƙananan garuruwa suka taka, sai kuma 'yan wasanmu na ƙasa.

Na farko. Kada wani ya ce muku Bature ne ya fara koyar da mata a Arewa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Tana zaɓen mace mai hankali da natsuwa, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, jaji ta tattaro matan ƙauye su zo su ɗauki karatu, su koma su koyar da na gida. Ku riƙe wannan, matan ƙauye na ce, don zan dawo kansa. Makarantun boko na 'yan mata a hannun hukumar En'e sai a 1930 aka buɗe su a Kano da Katsina. Mu nan Filato 'yan mishan ne suka yi nisa da abin, ga Gindiri a ƙasar Mangu, ƙaramin gari amma ya yaye mata masu yawa, ga St. Louis a nan cikin Jos. A 1976 aka zo da shirin firamare kyauta ga kowa, azuzuwa suka cika maƙil. Wannan duk kun san shi, iyayenmu da ke nan ma sun fi ni sani, bari in wuce.

Na biyu. A watan Disamban 1891, a garin Springfield da ke jihar Masacusets ta Amurka, wani malami mai suna James Naismith ya rasa yadda zai yi da ɗalibansa maza lokacin hunturu, ƙanƙara ta hana fita. Sai ya rataye kwandunan zuba 'ya'yan itace guda biyu a ɗakin motsa jiki, ya rubuta dokoki 13. Ba a rufa shekara ba, a 1892, wata malama Senda Berenson ta kai wasan kwalejin mata ta Smith, a wani gari mai suna Northampton. A watan Maris na 1893 'yan aji ɗaya suka kara da 'yan aji biyu. Kun san abin da aka yi ran nan? An rufe ƙofa, ba a bar namiji ko ɗaya ya shiga kallo ba. Mata ke wasa, mata ke kallo, mace ke hura usur. Iyaye, ku ji da kyau: wasan nan na mata a makarantar mata aka haife shi, a bayan rufaffiyar ƙofa. Malamar ta raba filin gida uku, kowace yarinya ta tsaya a yankinta, don a lokacin likitoci da iyaye na ganin gudu mai yawa zai illata mace.

To yanzu ga inda nake so mu zauna. Ku gyara zama.

Akwai wata jiha a tsakiyar Amurka, Ayowa. Ƙasar noma ce, masara da dabbobi, garuruwa ƙanana birjik, wani garin mutanensa ba su kai na layi ɗaya a Unguwar Rogo ba. Tun 1920 suna da gasar ƙwallon kwando ta 'yan matan sakandare. Sai a 1925 hukumar wasannin makarantu ta jihar ta zauna a babban birninsu, Des Moines, ta ce ta cire hannunta daga gasar 'yan mata. Dalili? Wai gasa ba ta dace da 'ya mace ba, wai za ta gaji, wai lafiyarta. Manyan makarantun birni ne suka fi goyon bayan haka, kuma idan kun duba da kyau, ɗakin wasa ɗaya ne a makaranta, maza na son su riƙe shi su kaɗai. Abin da ke faruwa a makarantunmu na haɗaka ke nan har gobe: da an tashi, samari sun mamaye fili, 'yan mata na gefe suna riƙe musu jaka. Ƙarya nake yi? (ɗalibai: A'a!)

Su wa suka tashi suka ce ba su yarda ba? Shugabannin makarantun ƙananan garuruwa. Mutum 25, dukkansu maza, ina so ku lura, maza ne. Ɗaya daga cikinsu daga wani gari yake mai suna Mystic, garin masu haƙar kwal, kamar yadda kakanninmu suka haƙi kuza a Bukuru da Barikin Ladi. Ya gargaɗi taron cewa duk mai son kashe wasan 'yan mata a Ayowa, ya sani ya tsaya ne a kan layin dogo jirgi na tafe. Suka fice, suka kafa tasu hukumar ta 'yan mata zalla a shekarar nan ta 1925, kuma tana nan har yau.

Me ya sa ƙauye ya riƙe abin da birni ya yar? Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina. Shugaban makarantar ƙauye ya san 'yan matansa. Ya san yarinyar nan da asuba ta tashi ta yi tatsa, ta ɗauki damin ciyawa, ta yi tafiyar ƙasa kafin ta iso aji. Sai wani ya zo daga birni ya ce masa gudun rabin sa'a zai karya ta? Ai ba zai saurare shi ba. Mu ma haka. Yarinyar da ke ɗauko buhun dankalin Turawa daga gona a Bokkos, wadda ke hawa dutse da tulun ruwa a ka, ita za a ce ba ta da ƙarfin jefa ƙwallo? Ƙarfi na nan, 'yan'uwa. Ƙarfi na nan. Fili ne babu.

Sannan wasan ba ya son jama'a da yawa. Ƙwallon ƙafa sai kin tara goma sha ɗaya, da fage mai faɗi. Su a Ayowa a wancan lokacin shida-shida suke yi: uku masu jefawa a rabin fili, uku masu tsaro a ɗaya rabin, ba mai tsallake layin tsakiya, kuma sau biyu kawai za ki buga ƙwallo a ƙasa, sai ki miƙa ko ki jefa. Makarantar da ke da 'yan mata ashirin ma za ta fitar da ƙungiya. Daren hunturu ba aikin gona, gari duka sai ya taru a ɗakin wasan makaranta, uwa da uba da kaka. In ƙungiyar gari ta kai gasar jiha a Des Moines, sai a kulle shaguna a bi su. Dubban mutane ke cika zauren, don kallon 'yan matan ƙauye.

Bari in ba ku misali ɗaya. Denise Long, daga wani ɗan gari mai suna Whitten, mutanensa ba su kai 200 ba. A 1968 ta ci maki 111 a wasa ɗaya. Ɗari da goma sha ɗaya, ita kaɗai! Ke mai dogon wuya a layi na uku, na ga kin buɗe baki, rufe kada ƙuda ya shiga, kuma ki same ni bayan taro, tsayin nan naki ba na banza ba ne. (dariya da tafi) A shekarar makarantarsu ta ɗauki kofin jiha da ci 113 da 107 bayan ƙarin lokaci. A 1969 ƙungiyar maza ƙwararru ta San Francisco Warriors ta zaɓe ta, duk da shugaban gasar ya soke zaɓen. Ba a daina wasan shida-shida a Ayowa ba sai 1993. Dokar da ta hana nuna bambanci tsakanin mace da namiji a makarantun da gwamnatin tarayyar Amurka ke ba kuɗi, a 1972 aka yi ta. Ku lissafa: shekara 47 ƙauyukan nan suna riƙe da 'yan matansu kafin doka ta iso. Mutum 25 ne suka jawo haka. Shugabannin makaranta. Ranki ya daɗe, da ke nake. (dariya)

Ni na koyar da motsa jiki a wata makarantar kwana ta 'yan mata a wani ƙaramin gari a jihar nan. Filinmu jar ƙasa ce, mu muka daddaɓe ta da hannu, muka ja layi da toka. Mai walda ya lanƙwasa mana rodi ya yi zobe, kafinta ya haɗa allon baya, muka kafa a jikin turakun itacen turare. Ƙwallo ɗaya gare mu, ta sha faci wajen mai facin taya har ba a gane asalin launinta. In damina ta sauka, toka ta wanke, Asabar mu sake ja. Akwai wata yarinya da ke yawan makara in an dawo hutu, sai an yi mako biyu ba a gan ta ba, talla ta riƙe ta a gida. Da ta shiga ƙungiya, dokata ɗaya ce: wadda ba ta shiga aji ba, ba ta taɓa ƙwallo. Daga nan ita ke riga kowa dawowa, da akwatinta a ka, tun ranar Lahadi. Ta gama sakandare, ta yi makarantar koyon jinya. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Yarinya na bukatar abin da za ta ce nata ne a makaranta, abin da in ba ta zo ba za a ce wance fa?

Na nawa muke? Na uku ko? An miƙo mini takarda wai saura minti biyar. To abu na ƙarshe, da gudu.

D'Tigress, ƙungiyar matanmu ta ƙasa. Sun ci kofin Afirka a 2003, suka sake ci a 2005 a Abuja. A 2004 a Atens suka doke Koriya ta Kudu 68 da 64, nasarar farko da matan Afirka suka samu a ƙwallon kwando a Olamfik. Daga 2017 suka riƙe kofin Afirka sau biyar a jere, har 2025. A Faris a 2024 suka doke Ostareliya da Kanada, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Olamfik, kuma mace ce kociyarsu, Rena Wakama. Abin alfahari ne. Amma da yawa daga cikinsu a makarantun ƙasashen waje suka koyi wasan, kuma wannan ya kamata ya dame mu. Muna da ƙungiyar mata ta Plateau Rocks a nan, akwai gasar Milo ta makarantun sakandare, Zariya ta yi suna a wasan nan tun zamanin koci Oliver Johnson a Jami'ar Ahmadu Bello. Daga ina za a samo yaran in makarantun ƙauye ba fili? To, na ga hannu. Baba, bismillah.

(Wani dattijo: Malama, Allah ya saka da alheri. Ni jikata na so, amma kayan da muke gani a talabijin, gajeren wando da singileti, ba zan iya barin ta ta sa ba. Yaya ke nan?)

Baba, Allah ya ƙara girma, na gode da ka faɗi abin da ke ran iyaye da yawa a zauren nan, Musulmi da Kirista. Damuwarka daidai ce, kuma ba kai kaɗai ba ne. A 2014, a wasannin Asiya da aka yi a Koriya ta Kudu, matan Katar sun janye daga gasa saboda an ce sai sun cire ɗankwali. Akwai wata yarinya Musulma, Bilqis Abdul-Qaadir, 'yar garin Springfield ɗin nan da aka ƙirƙiro wasan. Da lulluɓinta ta ci maki sama da 3,000 a sakandare, ta kafa tarihi a jiharsu, ta yi wasa a jami'a. Da ta zo shiga wasan ƙwararru, dokar hukumar duniya, FIBA, ta tare ta. Ba ta cire ba, Baba. Ta haƙura da wasan, ta shiga fafutuka tare da wasu, har a 2017 FIBA ta sauya doka ta halatta rufe kai. Yau jikarka za ta iya buga wasa har matakin duniya da kanta a rufe, da riga mai dogon hannu, da dogon wando.

A makaranta kuwa abin ya fi sauƙi. Telan da ke ɗinka yunifom shi zai ɗinka kayan wasa yadda iyaye suka amince, a zauna da ku a zaɓi yadi da tsayi. Fili a cikin katanga, malama mace, lokacin wasa bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Ka zo da kanka ka gani kafin ka sa hannu, kujera na nan.

Tsofaffin ɗalibai, ku kuma ga naku. Cikakken fili mita 28 ne a tsaye, 15 a kwance, amma ko rabinsa aka samu a fara da shi. Tsayin zobe daga ƙasa ƙafa 10, faɗin bakinsa santimita 45. Ƙwallon mata lamba 6 ce, kada a sayo ta maza. Katakon allo a kasuwar Katako, takalman kambas na gwanjo a Taminus. Bayan ɗakin girki na ga wani fegi da ciyawa ta cinye, na auna shi da ƙafa da na shigo, zai isa. Ma'ajiya, ina kike? Tashi su gan ki. Wadda ta san mai walda nagari ta ba ta lambarsa kafin a watse. Akwai wata tambayar? Ke, 'yata, ɗaga murya.