Lacca: Shin dokokin golf suna yi wa ƙwararrun 'yan wasa adalci?

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, ranka ya daɗe, iyayena, yayyena da ƙannena, barkanmu da yamma. Na baya, kuna ji na? To madalla.

An ce in yi magana a kan dokokin golf, ko suna yi wa ƙwararrun 'yan wasa adalci, wato mutanen da da wannan sanda suke ciyar da iyalinsu. Abu huɗu na tanada. Amma saboda baƙinmu 'yan ƙwallon ƙafa da na hango can gefe, bari in share fage. A golf, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Rami 18 ake bi a rana, babbar gasa kwana huɗu ce, rami 72 ke nan. Idan ka karya doka sai a ƙara maka bugu ɗaya ko biyu, idan abin ya yi tsanani a kore ka daga gasar. Dokokin farko da aka rubuta guda 13 ne, a Leith ta Sikotilan, a 1744. Yau hukumomi biyu ke riƙe da su, R&A da ke St Andrews da USGA ta Amurka, kuma a 2019 suka rage su daga 34 zuwa 24.

To, na farko: katin maki. A golf ba kai kake rubuta makinka ba. Abokin wasanka ke riƙe da katinka, kai kuma ka riƙe nasa. Idan an gama, ka zauna ka duba rami bayan rami, sannan ka sa hannu. Doka ta ce idan ka sa hannu a kan adadin da ya gaza abin da ka buga a wani rami, an kore ka. Idan kuma ya fi abin da ka buga, shi ke nan, ya zauna maka haka.

Ranar 14 ga Afrilu, 1968, ranar ƙarshe ta gasar Masters a filin Augusta na Amurka. Roberto De Vicenzo, mutumin Ajantina, wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya shekarar da ta gabata. Ranar ce ya cika shekara 45 a duniya. Ku riƙe wannan, ranar haihuwarsa ce. Ya yi wasa kamar ba gobe. A rami na 17 bugu uku ya yi ƙwallo ta faɗa. Dubban mutanen da ke tsaye a wurin sun gani, masu kallo a talabijin sun gani. Abokin wasansa Tommy Aaron, a bisa kuskure, ya rubuta 4. Shi kuwa Roberto ya yi asarar bugu ɗaya a rami na 18, ransa a ɓace, ya zauna ya ɗauki katin, bai tsaya ya bi shi daki-daki ba, ya sa hannu. Makinsa na ranar ya tashi daga 65 ya koma 66, jimla 278 maimakon 277. Bob Goalby ya gama da 277. Da sai su dawo washegari su raba gardama, amma sai aka sa wa Goalby koriyar rigar nan da ake bai wa zakaran Masters, babu ƙarin bugu ko ɗaya.

Jama'a, uku ya buga. Uku! Babu mahalukin da ya yi musu, har shi mai rubutun. Kuma ku ji abin da bawan Allahn nan ya yi: bai zagi Aaron ba, bai ce an cuce shi ba, kansa ya ɗora wa laifin, ya ce shi ne ya yi wauta. Duk sanda na kawo nan sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Hajiya tana girgiza kai, tana cewa wannan ai zalunci ne. Hajiya, ni ma shekaru na yi ina juya abin a raina. Amma mu dubi dalilin dokar. A ƙwallon ƙafa mutum 22 ne a fili ɗaya, alƙali yana tsakiyarsu da usur a baki. A golf mutum fiye da ɗari ne a warwatse cikin fili mai girman gari guda, wani a bayan bishiya, wani a cikin kwari. Wane alƙali zai bi kowa? Saboda haka aka ɗora wasan a kan amana: kai ne shaidar kanka, sa hannunka shi ne rantsuwarka. Mu nan mun san wannan, ko takardar cinikin gona ce, da zarar ka dangwala yatsa ai magana ta ƙare.

Kuma wannan amanar ba a baki kawai take ba. A 1925, a gasar US Open, Bobby Jones yana shirin bugu cikin doguwar ciyawa sai ƙwallonsa ta ɗan motsa. Shi ne ya ga motsin, shi ne kuma ya dage sai an ƙara masa bugu. Gasar ta ƙare da kunnen doki tsakaninsa da Willie Macfarlane, aka sake karawa, ya sha kaye. Wannan Jones ɗin yana cikin waɗanda suka kafa filin Augusta, kuma a 1970 lambar girmamawar da ke ɗauke da sunansa De Vicenzo aka bai wa. Kun ga yadda abin ya zagayo. Shi kuwa Goalby, da bai yi laifin komai ba, ya daɗe yana samun wasiƙun zagi kamar sata ya yi. Aaron kuma ya zo ya ci Masters ɗin a 1973. Allah mai iko.

Hukuncina a nan shi ne: dokar ta yi tsauri, ta yi ciwo, amma ban kira ta zalunci ba, domin kowa da kowa ta hau, kuma katin yana hannun Roberto, ba wanda ya hana shi dubawa. Inda na ce an taɓa adalci shi ne lokacin da kyamara ta shigo.

Na biyu ke nan. Kai, agogo ya gudu! A 2017, gasar mata ta ANA Inspiration a Kalifoniya. Ranar Asabar, a rami na 17, Lexi Thompson ta ɗaga ƙwallonta ta mayar, sai ta ɗan goce daga gurbinta, gocewar da ba ta kai faɗin yatsu biyu ba. Wani mai kallo a gida ya aika saƙon imel. Ranar Lahadi, tana kan gaba, ta gama rami na 12, jami'a ta tare ta ta ce an ƙara mata bugu huɗu: biyu na ajiye ƙwallo ba a gurbinta ba, biyu na sa hannu a katin jiya da ba daidai ba. Yaya za ta rubuta hukuncin da ba ta san da shi ba? Yarinyar nan tana hawaye ta ci gaba da wasa, ta kamo, aka yi kunnen doki, So Yeon Ryu ta Koriya ta Kudu ta cinye ta a karawar raba gardama. Abin da ya fi damuna, waɗanda ke kan gaba kyamara take bi, da mashahurai. Wadda ke ta sittin za ta yi irin wannan kuskure sau goma ba wanda ya gani. Doka ɗaya, amma ido ba ɗaya ba. Alhamdulillahi, daga farkon 2018 aka daina karɓar ƙorafin masu kallo, aka kuma soke ƙarin bugu biyun nan ga wanda bai san ya yi laifi ba.

Na uku, ko na huɗu ne? Ku dai bari in sheƙa da gudu. Dustin Johnson, 2010, a filin Whistling Straits na Amurka: sandarsa ta taɓa ƙasa a wani wurin da 'yan kallo suka tattake, ashe ramin yashi ne, inda doka ta hana sanda taɓa yashi kafin bugu. Bugu biyu, ya rasa shiga raba gardama. Wannan ba na tausaya masa sosai, don tun kafin gasar an liƙa sanarwa cewa irin waɗannan wuraren ramin yashi ne. Amma a 2016, a gasar US Open a filin Oakmont, ƙwallonsa ta motsa a rami na 5, sai a na 12 aka ce masa mai yiwuwa a hukunta shi, a jira a gama. Mutum yana neman kofi bai san makinsa ba, abokan hamayyarsa ma ba su sani ba! Ya ci duk da haka, amma wannan ba daidai ba ne. Sai jinkirin wasa: manya suna ta jan ƙafa ana kawar da kai, amma a Masters ta 2013 Guan Tianlang, yaro ɗan shekara 14 daga Sin, shi aka ƙara wa bugu.

Ga hannu can a baya. Taso, ɗana, ɗaga murya.

(Wani matashi: Baba, ni jakar sanduna nake ɗauka. Idan ni na yi kuskuren, maigidana za a hukunta?)

Allah ya yi maka albarka, ka tuna min abin da na so in tsallake. E, shi za a hukunta. A doka, kai da shi abu ɗaya ne. A 2001, gasar Open a Royal Lytham, Ian Woosnam ɗan Wales ya shiga ranar ƙarshe yana cikin na gaba. Bugunsa na farko saura ƙiris ƙwallo ta faɗa rami kai tsaye. Suna isa wurin fara rami na biyu, mai ɗaukar jakarsa ya ce masa akwai sanda 15 a jaka, doka kuwa 14 ta yarda. Sandar dogon bugu ce guda biyu, ɗayar ta gwaji ce aka manta ba a cire ba. Woosnam ya fizge ta ya yi jifa da ita cikin ciyawa. Bugu biyu suka hau kansa, ga zuciya ta karye, David Duval ya ɗauki kofin. Za ka ce ai bai yi amfani da ita ba. Gaskiya ne, amma wanda ke da sanda 15 yana da zaɓin da saura ba su da shi, ko ya taɓa ta ko bai taɓa ba, don haka ni a nan ina bayan doka. Kai dai, ɗana, gobe da safe kafin maigidanka ya ɗora ƙwallo, ka zuge jakar a gabansa, ka ƙirga da ƙarfi yana ji, shi ma ya ƙirga. Shugaba yana nuna min agogo, ga magariba ta kawo kai. Mai sauran tambaya ya same ni a waje bayan salla. Wassalamu alaikum.