Fodkas: Mu shida a jirgin ruwa, daga Durban zuwa wani tsibiri a Mozambik

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau dai Allah Ya dawo mana da Bashir, ga shi nan ya yi baƙi ƙirin kamar wanda ya yi noman rani.

Zainab: Yaya Bashir, sannu da zuwa. Ina tsarabarmu?

Bashir: Ke ko gaisuwa ba ki gama ba! Hajiya, ina wuni. Rana ce ta gasa ni. A watan Disamba, lokacin da kuke fama da hunturu a Kano, can kudancin Afirka zafi ake zubawa.

Hajiya Rabi: To wai me ya kai Bakano tsakiyar teku? Kai da ko a Tiga ban taɓa jin ka shiga kwalekwale ba.

Bashir: Adashi ne ya kai ni, Hajiya. Mu shida ne tun sakandare, muka yi shekara guda muna zubi da niyyar tafiya hutu tare. Ɗaya daga cikinmu ya kawo shawarar jirgin yawon shaƙatawa da ke tashi daga Durban a Afirka ta Kudu, ya bi gaɓar Tekun Indiya zuwa wani ɗan tsibiri a bakin mashigin Maputo a ƙasar Mozambik, wanda ake kira Tsibirin Fotugis. Kwana uku, ka je ka dawo.

Zainab: Shi ke nan, ku ɗauki jaka ku tafi?

Bashir: Ina fa! Sai da muka nemi biza, muka kuma tanadi katin rigakafin cutar shawara. Kada wanda ya yi wasa da katin nan. A 2012 Afirka ta Kudu ta taɓa juyo da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgi a kansa. Daga Legas muka tashi zuwa Johannesburg, muka sake hawa wani zuwa Durban. Kuɗin jiragen sama kaɗai ya fi na jirgin ruwan.

Hajiya Rabi: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. To jirgin fa, yaya yake?

Bashir: Gani ya kori ji. Unguwa ce guda a kan ruwa, hawa a kan hawa, da wuraren cin abinci da kantuna da wurin ninkaya. Amma kafin ka more komai sai an yi atisayen ceto, kowa ya san inda zai taru idan an busa ƙararrawa, ya kuma koyi ɗaura rigar da ke hana nutsewa. An tsaurara dokar ne bayan hatsarin jirgin ruwan Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012, inda mutum 32 suka rasu. Abokinmu guda, muna ce masa Sarkin Tsoro, yana jin wannan bayani ya ce shi a mayar da shi Fagge.

Zainab: Wallahi da ni ce ma haka zan ce.

Bashir: Ai daren farko kowa ya gane kurensa. Mun kama ɗakuna mafi araha, na ciki, waɗanda ba su da taga. Ka kashe fitila, ba ka san dare ba ba ka san rana ba. Jirgi ya soma lilo, mutum biyu suka kwanta da jiri da tashin zuciya. Mu huɗu muka cinye rabonsu.

Hajiya Rabi: Af, ka taɓo inda nake jira. Abincin fa? Kun tabbatar da halaccinsa, ko kun rufe ido kun ce Bismillah?

Bashir: Mun tambaya, Hajiya. Durban gari ne mai Musulmi da yawa, galibi 'yan asalin Indiya, saboda haka ma'aikatan sun saba da tambayar. Inda muka yi shakka sai mu koma kan kifi da shinkafa. Abin da ya fi rikita mu alƙibla ce. Mu da muka tashi muna cewa "fuskanci gabas", a can Makka tana arewa da kai ne, da ɗan karkatawa kaɗan. Ga jirgi yana sauya hanya. Sai da muka yi musu sosai a sallar Magariba, liman ya juya nan, mamu suka juya can, kafin muka yarda da abin da waya ta nuna.

Zainab: To a kai mu tsibirin mana, shi muke jira.

Bashir: Nan ne zan ba ki haushi, ƙanwata. Tsibirin sa'o'i kaɗan muka yi a kansa. Babu tashar da babban jirgi zai tsaya, sai ya yada zango can nesa, a riƙa kwasar mutane a ƙananan jirage. Ka sauka ƙafarka cikin ruwa, wando a naɗe. Kuma tun da dare an gargaɗe mu cewa idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi kyaftin zai soke saukar gaba ɗaya, domin lokacin ne damina da guguwar teku a yankin. Mun dai yi sa'a.

Hajiya Rabi: Me ke kansa?

Bashir: Farin yashi, ruwa garau har kana hango yatsunka, 'yan bishiyoyi. Babu gari. Mai son ganin jama'a sai ya ƙara kuɗi a tsallaka da shi Inyaka, babban tsibirin da ke kusa, inda masunta suke. Mu uku muka je, muka ci gasasshen kifi, muna ciniki da hannu saboda su Fotugis suke ji. Sauran ukun suka ce aljihu ya yi gardama.

Zainab: Ba adashi kuka yi ba?

Bashir: Nan gizo ke saƙar. Adashin ya biya ɗaki da abinci ne kawai. A cikin jirgi ba a taɓa tsabar kuɗi, kati ake ba ka, shi ne makullin ɗakinka, shi ne walat ɗinka, kuma da dala ake lissafi. Lemon kwalba, intanet, hoton da aka ɗauke ka, duk ɗora katin kake yi kana murmushi. Ga kuɗin hidimar ma'aikata da ake rubuta wa kowane fasinja kullum, wanda ba mu karanta ba a takarda. Mu kuma don wayo muka haɗa katunan duka a kan asusun mutum ɗaya.

Hajiya Rabi: Inna lillahi! Wane bawan Allah ne?

Bashir: Ni ne, Hajiya.

Zainab: Shi ya sa babu tsaraba!

Bashir: Daren ƙarshe aka turo takarda ta ƙasan ƙofa. Muka zauna mu shida muna bin ta layi-layi kamar masu rabon gado. Wannan ya ce bai sha lemo goma sha ɗaya ba, wancan ya ce ai kiran gida ya yi sau ɗaya tak. Sarkin Tsoro, wanda ya kwana biyu a kwance, shi ya fi kowa cin kuɗin intanet, wai yana duba hasashen yanayi.

Hajiya Rabi: Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Sun biya ka dai?

Bashir: Uku sun biya a filin jirgi. Ɗaya ya ce sai ƙarshen wata. Ɗayan kuma na san yana sauraren shirin nan.

Zainab: To Malam, ka ji dai. Yaya Bashir, za ka sake komawa?

Bashir: Zan koma, amma ɗaki mai taga, kuma kowa da katinsa. Har sun fara maganar Zanzibar baɗi.

Hajiya Rabi: Wa zai riƙe adashin?

Bashir: Ke muke shirin roƙa, Hajiya.

Hajiya Rabi: A kai kasuwa! Zainab, rufe mana shirin nan kafin su ja ni cikin teku.