Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Gidaje Da Tsara Birane A Taron Injiniyoyi Da Masu Zanen Gine-gine

Mai girma Kwamishina, shugaban wannan taro, manyan baƙi, abokan aiki maza da mata, assalamu alaikum.

A madadin injiniyoyi da masu zanen gine-gine da suka hallara a nan, muna yi wa Mai girma Kwamishina da tawagarsa barka da zuwa. Mun san ayyuka sun yi muku yawa, don haka mun ji daɗi ƙwarai da kuka amsa gayyatarmu da kanku.

Ranka ya daɗe, abin da ya tara mu shi ne yadda za a tabbatar ginin kasuwanci, ofis ne ko otal ko babban kanti, ya cika ƙa'idar tsimin makamashi tun yana kan takarda. Hanyoyi biyu aka sani. Ta farko ita ce bin sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya: kaurin abin tare zafi a rufi, ƙarfin fitilu, girman tagogi. A ƙa'idar ASHRAE 90.1 ta Amurka, wadda asalinta ya faro a 1975, gilashi ba zai wuce kashi 40 cikin 100 na bango ba ta wannan hanya. Tana da sauƙin dubawa, amma tana ɗaure mai zane.

Ta biyu, wadda muke so ku ba wa muhimmanci, ita ce gwada ginin a kwamfuta. Ana gina shi sau biyu a manhaja irin su EnergyPlus ko eQUEST: na farko kamar yadda aka zana shi, na biyu kuma ginin ma'auni mai siffa da faɗi iri ɗaya, wanda aka yi masa bango da fitilu da na'urorin sanyaya iska daidai da abin da ƙa'ida ta tanada. Sai a bi da su ta awa 8,760 na shekara da bayanan yanayin wurin, da jadawalin shiga da fitar mutane iri ɗaya, da farashin wuta iri ɗaya. A tsarin Rataye G na ƙa'idar, ana juya ginin ma'auni fuska huɗu, digiri 0 da 90 da 180 da 270, a ɗauki matsakaici, don wanda ya kauce wa ranar yamma ya ci ribar dabararsa. Da haka mai son gilashi mai yawa zai iya rama asarar da rumfunan tagogi, da gilashi mai tare zafin rana, da na'urori masu ƙarancin cin wuta. Sai dai akwai sharuɗɗan dole da ba a musayarsu, kamar toshe kafofin da iska ke kurɗawa da sanya makunnan da ke kashe fitila da kansu.

Inda ake samun matsala mun san shi sarai. Wani ya ɗauko bayanan yanayin wani gari mai nisa. Wani ya haɗe hawa guda ya zama shiyya ɗaya mai zafi iri ɗaya a lissafi, alhali gefen da ke jikin taga, kimanin mita 4.5 daga bango zuwa ciki, zafinsa daban da na tsakiya, na gabas kuma daban da na yamma. Wani ya manta ƙarfe ko kankare da ya ratsa abin tare zafi, sai bangon ya fi kyau a lissafi fiye da a zahiri. Akwai kuma awannin da na'ura ta kasa kai ɗaki sanyin da ake so. Idan suka haura 300 a shekara, ba a karɓar gwajin, domin tsimin da aka nuna na na'urar da ta gaza ne. Wanda ya fi damunmu shi ne a kira mai gwaji bayan an gama zane an sayi kaya. A lokacin nan aikinsa ya koma cike takarda, ba a yi masa tambayar da za ta canza ko taga ɗaya ba.

Ya kamata masu gini su ma su gane cewa wannan lissafi kwatanta gini biyu yake yi. Ba ya alkawarin abin da za a gani a takardar kuɗin wuta, don wannan ya danganta da yadda masu haya ke amfani da wurin.

Saboda haka, ranka ya daɗe, muna roƙon a horar da jami'an da ke amincewa da zane su iya buɗe fayil ɗin gwaji su duba abin da aka shigar, kada su tsaya kan shafin sakamako. Muna kuma roƙon a wajabta amfani da manhajar da aka jarraba bisa ƙa'idar ASHRAE 140, sannan a sake gwajin da kayan da aka sanya a zahiri kafin a ba da izinin shiga gini. Mu a shirye muke mu ba da malamai don horon.

Bayan jawabinku, abokan aikinmu za su nuna muku gwajin wani ofis mai hawa biyar, ku ga yadda lissafi ke sauyawa idan aka rage gilashin yamma. Allah ya ƙara muku lafiya, ya mayar da ku gida lafiya.