Jawabin Maraba ga Shugabar Sashen Binciken Ruwan Sha, a Garin Mai Wurno

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai Martaba Sarkin Mai Wurno, Allah Ya ja zamaninka. Malamanmu, masu unguwanni, iyayenmu mata, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ranki ya daɗe Dokta, a madadin kwamitin ruwa na wannan gari ina yi miki barka da zuwa, ke da 'yan tawagarki. Sannunku da hanya.

A bakin ruwa aka kafa garin nan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya yi gabas da kakanninmu har suka yada zango a gaɓar kogin Nilul Azrak, kudu da birnin Sinnar, a nan ƙasar Sudan. Tun ba a gina madatsar Sinnar a 1925 ba muke shan kogin nan, muke noma da shi, muke su a cikinsa.

Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, ruwa kan sauko daga tsaunukan Habasha jajir da laka. Sai ka ga uwa ta daka ƙwayar zogale ta zuba a randa, ta jira laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Dabara ce mai kyau, amma irin aikinki ne ya ganar da mu cewa akwai abin da ido ba ya gani. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ƙwayar cutar da ke fitowa daga bayan gida ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha. Kulorin ma, wato sinadarin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, ba ya cin ruwa mai dauɗa yadda ya kamata, kuma ana so ragowarsa ta kai miligiram 0.2 a kowace lita lokacin da ruwa ya isa gida. To, gangar ruwan mai karo, wato amalanken jaki, da ta wuni a rana tana zaga unguwanni, wa ya san abin da ya rage a cikinta? Kwalarar da ta ɓarke a ƙasar nan a 2024 ta sa tambayar nan ta hana iyaye barci. Ga kuma tsargiya, wadda yaranmu ke ɗaukowa wajen wanka a magudanan ban ruwa.

Abin da ya fi ƙara mana girmanki shi ne ɓangaren aikinki da ba a cika yabawa ba, wato adana sakamako. Kowace kwalba da aka ɗiba sai an rubuta rijiyar, da ranar, da sa'ar, da wanda ya ɗiba, a shigar a kwamfuta, a ajiye kwafi a wani wuri dabam. Awo ɗaya labarin yini ɗaya yake bayarwa. Sai an jera na bana kusa da na bara da na bara waccan ake gane rijiyar da gishirinta ke ƙaruwa, da watan da ruwa ya fi ɓaci, a yi shiri tun kafin ciwo ya shigo. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuwa ya nuna mana yadda takardun shekaru ke salwanta idan a ɗaki ɗaya aka tara su.

Ranki ya daɗe, muna da roƙo. Duk ruwan da aka ɗiba a nan, a dawo mana da sakamakonsa, a liƙa a ƙofar masallaci da asibiti, da Larabci, mu kuma mu karanta wa tsofaffi da Hausa da Fulatanci. Muna da samari da 'yan mata masu karatu. A koya musu awon kulorin da cika rajista, za su riƙe amana, kwamiti zai tsaya musu.

Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara basira, Ya mayar da ku gida lafiya, Ya zaunar da Sudan lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.