Sharhi: Laifin Bunaji ne, ko na abin da muke zuba masa?

Jama'a masu saurare, a makon jiya wani mai jawabi a wani taron kiwo a nan Jos ya ce naman shanunmu tauri gare shi don irin ba shi da kyau, wai mafita kawai a shigo da iri daga Turai. Na sha jin wannan magana, kuma wallahi ta ishe ni.

Sa yana zuwa duniya da ƙwayoyin gadonsa, amma ba duka suke aiki da ƙarfi ɗaya ba. Wasu sai an zaburar da su, kuma abinci na cikin masu zaburarwar. Idan sa ya ci masara ko dawa, tumbinsa yana fitar da wani sinadari da hanta ke mayarwa sukari. Da sukarin nan ne jiki ya fi gina kitsen da ke ratsa cikin tsoka, wanda ke sa tsire ya yi laushi a baki. Akwai wata ƙwayar gado da masana ke kira SCD, aikinta ta mayar da kitse mai daskarewa ya zama mai saurin narkewa. An ga tana ƙara aiki a shanun da aka daɗe ana turka su da hatsi. Sa ɗaya ne, jini ɗaya ne, abincin ne ya canza.

Ku dubi Japan. Shanun Wagyu da ake ta yabo, kusan wata 30 ake yi ana kiwonsu, har ana rage musu bitamin A a wani mataki don kitsen ya ratsa tsoka sosai. Su da suke da irin ma ba su saki ciyarwa ba.

Na yarda Bunaji da Bokoloji ba za su tara kitsen tsoka kamar Angus, wani irin shanun Turai, ba. To, sai me? A kawo Angus ɗin, a kora shi daji da rani, ya wuni yana tafiya yana cin karmami, sannan a kai shi kara ta Bukuru mu ga wanda zai taya. Ta yaya za a yanke wa dabba hukunci alhali ba a taɓa ƙosar da ita ba? Ita ciyawar ma ba abin raini ba ce: naman shanun ciyawa ya fi na shanun hatsi yawan omega-3, wani nau'in kitse mai amfani ga jiki.

Muna da cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom tun 1924, muna da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, a Shika, a 2024 kuma an kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a Abuja. Abin da mai turka sa biyu a bayan gida yake son ji daga gare su shi ne: mudu nawa na dusa, harawa nawa, ƙulin auduga nawa, daga wane wata, kuma tsawon kwana nawa. A faɗa masa wannan da Hausa, a rediyo, kafin rani ya shigo.