Wane kyankyaso za ka saya wa hawainiyarka?

Kalli idanun hawainiyar nan da kyau. Ɗaya na duban gaba, ɗaya na duban baya. Da zarar wani abu ya motsa, sai su haɗu a wuri guda, harshe ya fita kamar an saki kibiya. Riƙe maganar motsin nan, za mu dawo kanta.

Tun farko mu raba gardama: ba kyankyason da ke yawo a ɗakin girki ko makwarara ake nufi ba. Wannan yana iya ɗauke da maganin ƙwari da tsutsar ciki. Na kiwo ake saya, wanda aka san abin da ya ci tun daga haihuwa.

Wanda masu kiwo suka fi nema shi ne dubiya, ɗan asalin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Ba ya iya hawa gilashi ko roba mai santsi, ba ya kukan dare irin na gyare, warinsa kaɗan ne. Namijin yana da cikakken fiffike, macen kuwa ɗan guntu ne, kuma 'ya'ya take haifa da ransu. Aibinsa ɗaya, sanyin jiki. Ka sake shi a keji, sai ya lafe a ƙarƙashin ganye ya yi shiru, hawainiya ta wuce shi ba ta sani ba. Maganin wannan shi ne kofi mai santsi da za ka rataya kusa da reshen da take zama, ka zuba su ciki tana ganin suna kai-komo.

Idan taka mai tsirfa ce, akwai jan kyankyason Turkistan. Gudu gare shi, shi ya sa yake jan ido. Ni dai ina ɗari-ɗari da shi, don in ya kuɓuce a gida mai ɗumi, sai ya hayayyafa. Shi kuwa kyankyason Madagaska mai huci, babbansa ya yi girma, ɓawonsa da tauri, ga shi yana hawa gilashi.

Ka binciki dokar inda kake kafin ka biya kuɗi. A Kanada da jihar Florida ta Amurka an hana ajiye dubiya, shi ya sa mutanen Florida suke kiwon wani ɗan'uwansa da ake kira diskoid.

Sai girma, kuma a nan aka fi yin kuskure. Dubi tazarar da ke tsakanin idanun hawainiyar. Kada faɗin kyankyason ya wuce wannan. Wanda ya fi haka yana iya maƙale mata a wuya ko ya ƙi narkewa. In kana shakka tsakanin girma biyu, ɗauki ƙaramin. Kuma kada araha ta sa ka kwaso da yawa, domin suna ci gaba da girma a hannunka, wanda ya dace yau bayan wasu makonni ya fi ƙarfin bakinta.

Tambayi mai sayarwa me yake ba su. Idan ya ce abincin kare ko na kyanwa, ka yi hattara. Furotin mai yawa yana tara wani sinadari a jikin kyankyaso wanda ake dangantawa da ciwon gaɓoɓi a hawainiya. Idan aiko maka za a yi, tambayi yadda zai kare su daga sanyi ko zafin hanya, da kuma ko zai biya ka in sun iso a mace. Da ka buɗe kwali, juya kiret ɗin ƙwai na kwali da ake saka musu a ciki, wanda suke maƙalewa a jikinsa. Masu lafiya watsewa suke yi su nemi duhu. Wari mai tsami, rima, ko ƙananan ƙwari da ke bin jikinsu, duk alamar rashin tsafta ce.

Kada ka ba hawainiya su a ranar da suka iso. Ciyar da su awa 24 zuwa 48 da karas, kabewa da ganye mai duhun kore, don abin da ke cikinsu shi hawainiya za ta amfana da shi. Sannan ka barbaɗa musu garin kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, saboda sinadarin fosfaras da ke jikinsu ya rinjayi kalsiyam. Rashin wannan, haɗe da rashin fitilar UVB mai maye gurbin hasken rana a keji, shi ke lanƙwasa ƙafafun hawainiya, haɓarta ta yi laushi. Wajen share mazubinsu kuma ka rufe hanci, ƙurar kashinsu tana tayar wa wasu da atishawa da ƙaiƙayi.